Ranar Ɗanɗano a Makarantar Rainon Yara

Makarantar da nake gudanarwa a Kano ƙarama ce, kuma yaranmu 'yan shekara 2 zuwa 5 ne, wato daidai shekarun da yaro yake fara kau da kai daga duk abincin da bai saba da shi ba. Shi ya sa muka ware safiyar Laraba domin ɗanɗano, kuma ba ƙosar da yara muke nufi ba, so muke harshensu ya saba da abin da ƙasarmu take nomawa.

Kayan marmari daga kasuwar 'Yan Lemo nake sayowa, kayan lambu kuwa daga 'Yankaba, kuma abin da lokaci ya kawo muke bi domin shi ne mai araha, kamar mangwaro da bazara, ko karas a lokacin sanyi. Mafi yawan wahalar tana wajen shiri. Karas sai an dafa shi ya yi laushi, dabino sai an cire ƙwallonsa an yayyanka, aya da gyaɗa da magarya kuwa ba ma bayar da su ɗungurungum, saboda suna iya shaƙe ƙaramin yaro. Tun ranar rajista muke tambayar iyaye ko akwai abin da jikin ɗansu ba ya karɓa, musamman gyaɗa da ƙwai da madara, domin kwaɗon zogale ma da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi.

Idan an wanke hannu an yi bismilla, malama ce take fara ci a gabansu, sannan a ajiye wa kowa ɗan yanki guda a faranti. Yaro yana da damar ya sunsuna, ya taɓa, ya lasa, har ma ya tofar idan bai yi masa ba, kuma ba a yi masa faɗa. Sai malama ta tambaya, "Zaƙi kuka ji ko tsami?" Ranar tsamiya ajin yakan kaure da dariya, kowa ya yamutsa fuska, amma sai ka ga hannu ya sake komawa faranti.

A ganina, aikin da ya fi wuya shi ne gamsar da iyaye. Uwa takan zo ɗaukar ɗanta ta ce, "Hajiya, ya dai cinye ko?" Nakan bayyana mata cewa masana abinci sun nuna yaro yakan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau 10 ko fiye kafin ya karɓe shi, kuma ɗura ba ta ƙara masa komai sai ƙyamar abin. Domin haka muke rubuta abin da aka ɗanɗana a littafin kowane yaro, tare da roƙon a sake kawo masa shi a gida cikin makon, ko da a maimakon biskit ɗin da ake sako masa a jaka ne.