Yadda na rage wa sabarmu kayan da ba ta buƙata

Da aka danƙa mini kula da sabar da ke ɗauke da manhajar wurin aikinmu, wadda Apache Tomcat ce (manhajar saba mai gudanar da manhajojin yanar gizo da aka rubuta da Java) a kan Linux, na fara da buga umarnin ss -tlnp don in ga ƙofofin da ke buɗe, wato hanyoyi masu lamba da saba ke karɓar saƙo ta cikinsu. Manhajar ƙofa ɗaya take buƙata, amma na tarar da 8080 da 8005 da 8009 duk suna jiran mai shigowa.

Ta 8009 ce ta fi tayar mini da hankali. Ita ce ƙofar AJP, hanyar da Tomcat ke magana da sabar Apache httpd idan an ajiye ta a gaba. Mu kuwa wata sabar ta daban mai suna Nginx muke da ita a gaba, kuma ta HTTP take tura buƙatu, don haka babu mai bi ta nan sai wanda ba a gayyata ba. A watan Fabrairun 2020 masu bincike na kamfanin Chaitin Tech na ƙasar Sin suka bayyana raunin da aka yi wa laƙabi da Ghostcat, mai lamba CVE-2020-1938. Ta wannan ƙofa mai kutse zai iya karanta fayiloli irin su WEB-INF/web.xml ba tare da kalmar sirri ba. An toshe raunin a sigogin Tomcat 9.0.31 da 8.5.51 da 7.0.100, kuma tun daga nan Tomcat ke zuwa da AJP a kashe. Namu fayil ɗin saituna, server.xml, tsoho ne da ake ta kwafa daga wannan siga zuwa waccan, shi ya sa ƙofar ta ci gaba da zama a buɗe. Wanda ya cire ta tun farko, Ghostcat bai shafe shi ba sam.

Daga nan na share ƙananan manhajojin da Tomcat ke zuwa da su, wato examples da docs da host-manager, daga jakar webapps. Manager kuwa, wato shafin da ake ɗora manhajoji a kan Tomcat ta cikinsa, sai da na duba rajistar shige da fice, na kuma tambayi masu rubuta manhajar, na tabbatar ba ta nan suke ɗora sabon aiki ba, sannan na cire shi. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa kashewa, ina gwadawa a sabar gwaji tukuna, domin idan aka kashe biyar a tare wani abu ya lalace, ba a san wanne ne ya jawo ba.

Ƙofar 8005, wadda ta nan ake aika wa Tomcat umarnin tsayawa, tana da nata sharaɗin. Idan aka mayar da lambarta -1 ta rufe, amma shutdown.sh ba zai iya aika saƙon tsayawa ba. Sai da na shirya systemd, mai kunna ayyuka da kashe su a Linux, ya riƙa tsayar da Tomcat kafin na taɓa ta.

Batun sauri fa, kada a yi wa kowa alƙawarin abin mamaki. Shafukan ba su ƙara wani gudu na a zo a gani ba. Inda na ga bambanci shi ne wajen tashin Tomcat idan aka kunna shi, musamman bayan na hana Tomcat binciken fayilolin JAR (ƙunshin lambobin Java) marasa amfani ta saitin jarsToSkip a fayil ɗin catalina.properties. Na kuma kashe autoDeploy mai leƙa webapps duk daƙiƙa 10. Yanzu duk sanda aka sabunta Tomcat, nakan sake buga ss -tlnp in kwatanta da jerin da na rubuta, saboda sabuntawa kan dawo da abin da aka cire.