Godiya bayan aikin ƙafar Baba

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, mun dawo Tawa da Baba, yana takawa da ƙafarsa, sanda kawai yake ɗan dogarawa.

Na kusa da mu sun san kumburin nan na cinyarsa ta dama. Kusan shekara 2 yana tasowa a hankali, babu ciwo, babu zazzaɓi, har ya fi goruba girma. Mun yi shafe-shafe mun gaji, har an sa ranar da wanzami zai tsaga shi.

Godiyata ta farko ga matashin likitan nan na Tawa da ya ɗora masa na'urar eko, mai nuna hoton cikin jiki. Ya juyo mini allon, na ga jakar ruwa da wasu ƙanana cunkushe a cikinta, kamar ƙwai a cikin kaza. Ya ce, "Hajiya, don Allah kada kowa ya sa masa aska ko allura." Ashe tsutsar kare ce, ekinokokus. Ƙwanta na fita a kashin kare, ya shiga cikin mutum ta hannu ko abinci ko ruwa. Yawanci hanta take kamawa, sai huhu; a tsoka ba kasafai ake ganinta ba. In jakar ta fashe, ruwan na iya sumar da mutum nan take, ya kuma shuka sababbi a jiki.

Jikina ya yi sanyi, don na san jakar nan. Sau nawa muke ganinta a hantar rago ranar layya, mu yanke mu jefa wa kare? Ta haka karen yake ɗauka. Yanzu a gidanmu ƙonawa za mu riƙa yi.

A Yamai an duba hantarsa da ƙirjinsa, babu komai. Aka fara masa albendazol, maganin tsutsa, sannan aka ciro jakar ɗungurungum, ba ta fashe ba. Likitocin da suka yi aikin, da malamar jinyar da ke kiransa "Babana" tana wanke ɗinkin kowace safiya, Allah Ya saka muku da aljanna.

Kawu da ya sayar da tumakinsa biyu, direban da ya lallaɓa da mu ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, inna da ta sauke mu mako 3 ba ta taɓa ɓata fuska ba, matan unguwa da suka haɗa gudummawa, ban da bakin gode muku.

Har yanzu yana shan maganin, tare da abinci mai maiƙo kamar yadda aka umarta. Wata mai zuwa za mu koma awon jinin hanta da eko. Ku ci gaba da sa shi a addu'a.