Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Yadda ake auna labarin mai neman mafaka a Ostireliya

Jama'a, assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a bakin ofishin shige da fice. Wannan makon zan ajiye labarina, in bayyana abin da ake dubawa a ciki, don sauran tarihin ba zai fahimtu ba sai da shi.

Bizar kariya ta dindindin, mai lamba 866, ta wanda ya shigo ƙasar da biza ingantacciya ce, ya kuma bi ta hannun jami'an shige da fice. Wanda ya shigo ba biza ba ya cikin wannan layi.

Tushen aikin shi ne Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951, amma a 2014 Ostireliya ta rubuta nata ma'anar a cikin Dokar Shige da Fice ta 1958, kuma da ita jami'i yake aiki. Wahala kaɗai ba ta isa ba. Sai tsangwamar ta kasance saboda ɗaya daga dalilai biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na musamman a al'umma. Talauci da rashin aiki, komai tsananinsu, ba sa ciki. Wanda bai shiga biyar ɗin ba, akwai ƙaramar ƙofa da aka buɗe a 2012: idan mayar da shi zai jefa shi ga kisa, azabtarwa ko wulaƙanci mai tsanani, ana iya ba shi kariya.

Ba a neman tabbacin cewa za a cuce ka. A shari'ar Chan ta 1989, babbar kotun ƙasar ta ce ya isa a ce haɗarin na gaske ne, ko da bai kai rabi ba. Wannan sassauci ne. Tsananin yana gaba, domin doka ta ce sai haɗarin ya game dukkan sassan ƙasarka. Mutumin Gwoza da ya gudu daga Boko Haram, ko na Zamfara da 'yan bindiga suka kora, sai ya amsa tambaya guda: me ya hana ka zama a Legas ko Abuja? A nan irin waɗannan buƙatu kan yi tuntuɓe. Jami'in yana da rahoton da ma'aikatar harkokin wajen Ostireliya ta rubuta kan ƙasarka, da shi zai gwada maganarka. Sashe na 36(3) na Dokar Shige da Fice kuma ya ce wanda ke da ikon shiga wata ƙasa ya zauna lafiya ba shi da haƙƙin kariya, don haka ɗan Najeriya ko Gana ya sa ran tambaya kan 'yancin zirga-zirga na ECOWAS.

Sai maganar gaskata labari, wadda a ganina ta fi komai nauyi. Bayanin da ka rubuta a fom tun farko shi ne ma'auni. A ranar ganawa za a bi shi shekara-shekara, gari-gari. In ka rubuta an ƙona shagonka bayan Babbar Sallah, ka zo ka ce cikin azumi ne, an samu ɓaraka. Abin da kunya ta sa ka ɓoye, kamar fyaɗe, in ka fito da shi daga baya ba tare da gamsasshen dalili ba, ana iya ɗaukarsa ƙari. Jinkirin shekaru kafin nema ma abin tambaya ne. Masu sayar da shiryayyen labari kuwa, su ne suka fi kowa kashe wa mutane buƙata, don jami'ai sun sha karanta labari ɗaya da sunaye daban. Takardar shaidar kai ta jabu kan sa a ƙi mutum kai tsaye, in babu ƙwaƙƙwaran uzuri. Kuma abin da ka aikata bayan isowa, kamar zanga-zanga a ɗauke ka hoto don Facebook, watsi ake yi da shi sai ka nuna ba don ƙarfafa buƙatarka ka yi ba.

In an ƙi, wanda ba ya tsare yana da kwana 28 ya kai kukansa kotun sake duba hukunci, wadda aka sabunta a Oktoba 2024. Wa'adin ba a ƙara shi ko da yini. Sashe na 48A kuma ya hana sake nema kana cikin ƙasar, sai ministan shige da fice ya ɗage da kansa. Yadda zaman wannan kotu yake gudana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.