Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwantan da Ya Hana Ni Barci

A makon jiya na tsaya ne inda Kawu ya ɗora ni a kan teburinsa na littattafan gwanjo a Sabon Gari, bayan na gama sakandare ba kuɗin ci gaba. To, a daminar 2008 muka kwance wata dila da ta zo daga Legas.

Kawu ba ya jin Turanci, amma bango kawai zai kalla ya gaya maka kwana nawa littafi zai yi a tebur. Wanda duk aka manna wa hoton Bature cikin kwat yana murmushi, ana koyar da tara dukiya, gaba yake sa shi. Kafin la'asar ɗalibai da ma'aikatan banki sun wawashe. Na karanta kusan goma daga cikinsu, ban ga wanda ya faɗi yadda za ka yi da maƙwabcin da ya ci bashinka ya daina amsa gaisuwarka ba. Masu hotunan tsuntsaye da ƙasusuwa kuwa kwantai ne. In sun shekara, sai a auna wa masu ƙosai.

Ranar nan hadari ya haɗo, muna ja musu tamfol, sai wani mai yagaggen bango ya faɗo, ya buɗe a kan hoton wani ƙoƙon kai da ya lotse, mai tudun gira kamar an ɗora masa tubali.

"Kai yaro, ajiye wannan. Na masu cewa kakanmu biri ne."

"To, Kawu."

Na ajiye shi, amma a cikin rigata.

Da dare na kunna fitilar ƙwai, ƙamus a gefe. Na zaci labarin wata uwa duniya zan gani, sai ga sunan Chadi, Chadin nan da motocin kaya ke nufa ta Maiduguri da Gamboru. A watan Yulin 2001 wani ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinci ƙoƙon a hamadar Djurab, yana cikin ayarin binciken da Bafaranshe Michel Brunet ke jagoranta. Aka sa masa suna Toumaï, wato fatan rayuwa a harshen Gorane. An ƙiyasta shekarunsa sun kai miliyan 7, ya ninka Lucy, wani tsohon ƙwarangwal da aka haƙo a Habasha mai miliyan 3.2, har da ɗori.

Abin da ya hana ni barci wani ɗan rami ne. A ƙasan kowane ƙoƙo akwai kafar da laka ke bi ta haɗu da ƙwaƙwalwa. A dabba mai ƙafa huɗu tana can ta baya, a mai tafiya tsaye kuwa tana matsowa ƙasa. Ta Toumaï ta matso, shi ya sa masu binciken suka ce da ƙafa biyu yake tafiya, wasu masana kuma suka ce a'a, har yau ana ja. Sai ga ni tsakar dare ina shafa ƙeyata. Kuma wurin da yau yake rairayi zalla, ƙasusuwan kifi da kada da dorina aka haƙo a cikinsa.

Maganar Kawu ma ba haka take a littafin ba. Cewa yake mutum da birin cimfanzi tushe ɗaya suka rabu, ba wai ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Ni dai abin da na taso a kai game da Annabi Adamu yana nan daram, amma hakan bai hana ni juya shafi har kalanzir ya ƙare ba.

Da safe Kawu ya ƙirga kwantai, ya sake ƙirgawa, ya dube ni.

"Ɗaya babu."

Na zaro shi. Ya ɗaga shi a tafin hannu kamar mai auna nama, ya yanka mini kuɗin da mai ƙosai za ta biya, ya cire a kuɗin abincina na rana. Ina zaune da yunwa ina karantawa wani dattijo mai tabarau ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗan samari, kana gane abin da ke hannunka kuwa?"

Shi ne mutumin da ya mayar da ni aji. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.