TARIHIN RAYUWATA, Kashi Na 17: Zangonmu A Hamadar Arizona

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da jinkirin wannan makon, kaya ne suka iso mana a Kwari sai jiya na samu kaina. Yanzu haka ma a teburin mai shayin layinmu nake rubutun nan a Fagge, hunturu ya rufe gari, kuma wallahi wannan iskar mai busar da leɓe ita ta dawo min da abin da zan ba ku yau kamar jiya akai shi.

A kashin baya na tsaya inda na sauka gidan Yayana a Finiks, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, watan Fabrairun 2022. Kwana na shida kenan ina zaune a gida daga talabijin sai barci, ranar Juma'a bayan mun dawo masallaci yace min in haɗa kaya marasa nauyi da rigar sanyi, jeji za mu. Nace Yaya wane irin jeji kuma, mu da muka baro ƙasar da in magariba tayi ba mai bin hanyar Falgore da kwanciyar hankali? Yayi murmushi kawai yace zo ka gani.

Ashe mota ya aro wajen wani abokin aikinsa, irin mai ɗaki a ciki. Girmanta bai fi doguwar bas ɗin haya ba amma akwai gado na mutum biyu, da risho mai gas, ɗan firiji, bayi ƙarami wanda da kyar zaka juya a ciki, sola a saman rufi. Tankin ruwanta lita 100 yake ci, wato jarka huɗu cikin waɗanda ƴan garuwa ke turowa a kura. Ku riƙe wannan lissafin dan zamu dawo kansa.

Muka ɗau babbar hanya mai lamba 10 muka yi yamma, tafiyar kamar awa biyu muka isa wani ɗan gari Quartzsite. Garin kansa ba wani abu bane, amma da sanyi tsofaffin Turawa ƴan fansho daga jihohin arewa suke gudo dusar ƙanƙara su cika jejin da ke kewaye da shi da irin motocin nan, duk inda ka duba fari fat kamar tantunan Mina. Yaya ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar burji, muka yi ta tafiya har motocin suka yi nisa da juna, ya samu wani fili mai tsakuwa ya kashe mota yace mun iso.

Ni dai ina ta waige ina jiran mai fili ya fito, ko wani yazo da rasit. Yaya yace ba wanda zai zo karɓar ko sisi. Filin na gwamnatin tarayya ne, akwai hukumar da ke kula da shi ana ce mata BLM, kuma a yawancin filayenta kowa zai iya sauka kyauta har kwana 14, in sun cika ka tashi ka matsa gaba. Sharaɗin shine ka sauka inda wasu suka taɓa sauka kar ka tattake sabon waje, sharar ka kuma ko bawon lemo ne ka tafi da abarka. Kuma a Arizona doka ta hana ka kafa zango dab da mashayar da dabbobi suka dogara da ita, saboda in suka ga mutum ba za su zo sha ba. Wannan ta ƙarshen ta tsaya min a rai ƙwarai, na tuna yadda muke gina gidaje a kan burtali da bakin mashaya a nan sannan mu dawo muna tambayar me ya kawo rigima.

Da la'asar na fito zan yi sallah na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro, Yaya ya kamo kafaɗata ya juya ni wajen arewa maso gabas, yace ka manta, nan ba Kano bace. A gidansa darduma a shimfiɗe take ban taɓa lura ba, sai a filin Allah na ji abin a jikina, mu da kalmar gabas da alƙibla duk ɗaya ne a bakinmu.

Toh a dare na biyu ne nayi kuskuren da har yau nake tunawa. Ni na ɗauki girki da wanke-wanke, na dafa mana shinkafa da wake da mai da yaji, na wanke tukunya famfo a sake, alwala biyar famfo a sake, da safe kuma na watsa ruwa son raina. Da daddare Yaya ya danna wani maɓalli a bango sai ga fitilar tanki ta nuna saura kaɗan. Bai yi faɗa ba, ya zauna a bakin ƙofar motar yayi shiru, can yace, ƙanina ka tuna abin da Kaka yake faɗa akan salka?

Na tuna mana. Kakanmu bafatake ne, da ƙuruciyarsa ya bi ayari har Agadas, kuma Faggen nan da muke ciki asalinta masaukin ayarin da ke shigowa daga arewa ne da raƙuma da gishirin Bilma. Yakan zaunar damu a soro yace a hanya madugu baya tambayarka kuɗin da ke lalitarka, salkarka yake taɓawa, kuma wanda ya zubar da ruwa ran abokin tafiyarsa ya zubar. Muna yara mun ɗauka tatsuniya ce irin ta tsofaffi. A daren nan da na kalli hagu da dama ba fitila ko ɗaya kusa, ba rijiya ba mai garuwa da zan ƙwala wa kira, jikina yayi sanyi sosai, na bashi haƙuri. Daga ranar buta ɗaya nake cikawa ta kai ni sallah uku, kwano kuwa sai na goge shi da takarda tas kafin ruwa ya taɓa shi. Washegari muka koma gari muka sayi ruwa a wata tasha, a nan muka juye tankin ƙazanta ma, shima akwai ramin da aka tanada, ba a sakin shi a jeji.

Amma daren kansa jama'a! Sanyi ya sauko har haƙora na haɗuwa, muka haɗa shayi mai citta da kanumfari muka zauna cikin bargo, taurari sun cika sama har ƙasa-ƙasa kamar ka miƙa hannu. Na ga Kaza da ƴaƴanta ɓaro-ɓaro, rabona da ganinsu haka tun muna zuwa hutu ƙauye. Can nesa wasu karnukan jeji masu kama da dila suna ta kuka.

Kwana uku mukai muka tashi, muka tsallake Kogin Kolorado muka shiga Kalifoniya, sai gandun Joshua Tree ta ƙofar kudu. Shi gandun ƙasa ba kyauta bane, a lokacin dala 30 ne kuɗin mota na mako guda, amma Yaya yana da katin shekara na dala 80 mai shigar da kai duk gandayen ƙasa na Amurka. Dabarar masu irin tafiyar nan ita ce su wuni a cikin gandu, da yamma su fito su kwana a filin BLM da ke bakin ƙofa, haka muma mukai. A 1994 aka mai da wajen cikakken gandun ƙasa, kuma hamada biyu ce ta haɗu a ciki, ta ƙasa mai zafi da ta tudu, kana hawa kana ganin tsirrai suna canzawa. Bishiyar da aka sa wa wajen sunanta tana min kama da goruba, rassa a rarrabe kowanne da tuntun ganye mai tsini a kai, ga duwatsu jibga-jibga an ɗora wani kan wani kamar na garin Dutse. Wata ma'aikaciya a ofishin ƙofa ta tambaye mu ruwa nawa muka riƙo, tace kowane mutum aƙalla lita huɗu a rana, na kalli Yaya ya kalle ni.

A wajen wasu ƙayoyi masu sheƙi kamar auduga na tsaya ɗaukar hoto, wani gutsure ya maƙale min a ƙafar wando, na kai hannu zan cire Yaya ya daka min tsawa, ya ciro matajin kai daga aljihu ya zare shi da shi, ashe dan haka yake yawo da matajin tun daga gida.

Daren nan ya shimfiɗa taswira akan gado ya ɗora yatsa a wani kwari can arewa, Death Valley, inda aka auna zafi digiri 56.7 a 1913, kuma akwai wajen da ƙasa ta yi mita 86 ƙasa da teku. Yace gobe da asuba za mu kama hanya, ka cika jarkoki duka. Abin da ya same mu da tayar baya a hanyar nan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, mai shayi na son tashi.