Guiɓin da Judith Pool ta hana a zubar

Kafin 1964, mai ciwon himofiliya nau'in A (ciwon da jini ba ya saurin daskarewa) da jini ya ɓalle masa a gwiwa galibi ba shi da abin da za a ba shi sai ruwan jini, wato filasma. Matsalar ta lissafi ce. Abin da jikinsa ya rasa shi ne sinadarin daskarewar jini na 8, kuma mililita ɗaya ta filasmar mai lafiya ma'auni ɗaya kacal take ɗauke da shi. Ma'auni ɗaya a kan kowane kilo na nauyin jiki yana ɗaga sinadarin da kashi 2 cikin ɗari. To mutum mai kilo 70 da ake so a ɗaga masa zuwa kashi 50 yana buƙatar ma'auni 1,750, ke nan kusan lita biyu na filasma, kuma bayan awa 8 zuwa 12 rabinsa ya ƙare, sai an sake. Zuciya da huhu ba su jure wannan ruwa.

Judith Graham Pool, masaniyar aikin sassan jiki a Jami'ar Stanford ta Amurka, ita ta lura cewa idan aka narkar da daskararriyar filasma a hankali cikin sanyi, wani farin guiɓi mai yauƙi yana kwanciya a ƙasa, kuma kaso mai yawa na sinadarin na 8 a cikinsa yake. A 1965 ita da Angela Shannon suka wallafa yadda za a haɗa shi cikin ledar jini rufaffiya. Sunansa a Turance cryoprecipitate, masu aikin ɗakin gwaji suna kiransa kirayo a taƙaice.

Ga yadda ake yi. Ana raba filasma daga jinin da aka ɗiba, a daskarar da ita cikin awa 8, domin sinadarin na 8 ba ya jimirin zama a waje. Sai a mayar da ledar firji mai digiri 1 zuwa 6 ta narke sannu a hankali. Nan ne aka fi yin ɓarna: mai gaggawa da ya tsoma ledar a ruwan ɗumi ya narkar da guiɓin ya koma cikin filasma, babu abin da zai tace. Idan ta narke, a juya ta a na'urar juyi mai sanyi, a matse ruwan saman zuwa wata leda, a bar kamar mililita 10 zuwa 15 tare da guiɓin, a sake daskarewa nan take. A digiri 18 ƙasa da sifili ko fiye da haka a sanyi yana kai wata 12. Ranar amfani a narkar a digiri 30 zuwa 37, a ƙara wa mara lafiya cikin awa 6. Ƙa'idar Amurka ta ce kowace leda ta ƙunshi aƙalla ma'auni 80 na sinadarin na 8 da miligiram 150 na fibirinojin, wani furotin da ke sa jini daskarewa. Mutumin nan mai kilo 70 zai buƙaci leda 22, amma duka ruwansu bai kai rabin lita ba.

A ganina girman aikinta yana nan ne: firji, firiza da na'urar juyi kawai ake buƙata, don haka kowace ma'ajiyar jini ta iya haɗawa da kanta, tiyata ga masu ciwon ta zama abin da za a iya shiryawa.

Akwai inda kirayo ba ya kaiwa. Babu sinadari na 9 a cikinsa, saboda haka ba ya amfanar mai himofiliya nau'in B, wanda shi na 9 ɗin ya rasa, kuma ba a san ainihin ma'aunin kowace leda ba sai an gwada. Galibi ba a kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa kamar yadda ake yi wa magungunan masana'anta na yau, shi ya sa Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya ta fifita waɗannan idan akwai su. An gano tsarin ƙwayar halittar sinadarin na 8 a 1984, shekara tara bayan rasuwar Pool, sinadarin da ake haɗawa ta wannan ƙwayar halitta ya fito a 1992. Yau an fi ɗauko kirayo saboda fibirinojin da ke ciki, ga mai jego da jini ya ƙi tsayawa ko wanda ya yi mummunan haɗari.