Abin da hoton idon ƙanwata ya nuna

Ƙanwata ta daɗe tana kukan jiri, ko daka ta fara sai hannun hagu ya mutu mata. Da aka auna tansiyo, na dama daban, na hagu daban, bugun jinin ma da ƙyar ake jinsa. Likita ya ce cutar Takayasu ce, kumburi mai daɗewa da ke ƙuntata babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya da rassanta. Ta fi kama mata masu ƙuruciya.

Da ya tura mu wajen likitan ido, Inna ta ce, "Yarinya tana gani garau, me ya kawo ido kuma?"

An ɗiga mata magani ƙwayar idon ta buɗe, aka yi mata allurar wani ruwa rawaya a hannu, aka shiga ɗaukar hoto. Ina tsaye bayan likita ina kallon allo. Jijiyoyin bayan idon suka riƙa haskawa a hankali kamar saiwar gero, wasu sun buɗe fiye da ƙima, ga ɗigo-ɗigo farare a gefe. Ya ce jini ne ba ya isa idon sosai, kuma hakan kan fara tun mutum bai ji komai ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe likitan ido ne ɗan Japan, Mikito Takayasu, ya bayyana cutar a 1908, a idon wata matashiya.

Da muka fito, ranar Maradi ta hana ta buɗe ido, sai da na rufa mata mayafi kafin mu hau kabu-kabu. Tana kan magani, za a sake hoton a gwada da na farko. Ku sa ta a addu'a, 'yan'uwa.